Turken Sabo da Kiran Ubangiji

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne wanda bai daɗe da karɓar baftisma ba, ko kuwa har yanzu kana tsaye a bakin ƙofa, kana tambaya, kana auna wannan hanya cikin zuciyarka, akwai wata magana wadda ya wajaba a gaya maka tun da sauran rana, domin kada ka ce daga baya an yi maka rufa-rufa. Maganar kuwa ita ce, wanda Yesu Kristi ya kira, ba ya barinsa inda ya same shi. Wani a kan tashe shi daga garinsu, wani daga sana'arsa, wani kuwa har ya mutu ba zai ƙaura daga unguwar da aka yanke masa cibiya ba, amma duk da haka sai an tashe shi daga wani abin da ya jingina a kai. Idan wani ya gaya maka bin Yesu ƙarin matashi ne bisa shimfiɗar da ka ke kwance, bai gaya maka gaskiya ba.

Mutanen dā sun ce, sabo turken wawa. Dubi akuyar da aka ɗaure a turke ɗaya tun tana 'yar ƙarama. Nan a ke kawo mata dusa da harawa, nan ta ke shan ruwa, nan inuwa ta ke, kura kuwa ba ta isa ta tsallako danga ba. Ranar da igiya ta tsinke ba ta ma sani ba. Tana nan tana zagaya turken kamar jiya, iyakar tafiyarta iyakar tsawon igiyar da ba ta a wuyanta. Hakanan ɗan Adam ya ke. Kowa da turkensa: dandalin da ya saba hira, mutanen da harshensu ya zo ɗaya da nasa, girman da a ke ba shi in ya shiga kasuwa, da sanin abin da zai ci gobe.

To, laifi ne mutum ya so inuwarsa? Ba laifi ba ne. Allah ne ya kafa gida da iyali, shi ya ba da ranar hutu, shi kuma ya sa daɗi cikin tuwo mai zafi bayan wunin noma. Ubangijinmu kansa ya halarci biki a Kana, ya kan sauka Betanya gidan Marta da Maryamu da Li'azaru ya huta, har ya taɓa yin barci bisa matashi cikin jirgi. Koyarwar da ta ce kowane daɗi zunubi ne, ba daga Linjila aka samo ta ba. Ɓarna tana somawa ne ranar da ka naɗa sabo alƙali, ka ce kowane kira da ya zo daga wurin Allah sai ya fara gurfana a gabansa. In sabo ya yarda, ka ce lalle wannan nufin Allah ne, in ya ƙi, ka ce lokaci bai yi ba tukuna. Mutum ya kan yi shekara 20 a haka, yana zuwa sujada kowace Lahadi, yana ba da baiko, amma bai taɓa yi wa Kristi abu guda ba wanda da ma ba zai yi wa kansa ba.

Ka buɗe Littafin Farawa ka duba labarin Ibrahim. Sa'ad da kira ya zo masa yana Haran, shekararsa 75, yana da dabbobi da barori da dangi kewaye da shi, watau ya kai munzilin da mutum ke shimfiɗa buzu a zaure ya jira jikoki. Aka umurce shi ya bar ƙasarsa da gidan ubansa, ba a kuwa faɗa masa sunan inda za shi ba, sai dai an yi alkawari za a nuna masa. Ya tashi. Daga nan har mutuwarsa cikin alfarwa ya zauna, baƙo a ƙasar Kan'ana. Ƙasar da aka yi masa alkawarinta, abin da ya mallaka a cikinta shi ne gona ɗaya da kogon Makfela, wanda ya saya shekel 400 na azurfa domin ya binne Saratu matarsa. Wannan shi ne mutumin da a ke kira uban masu bangaskiya.

A bakin tekun Galili kuma, Yaƙub da Yohanna suna gyaran taru aka kira su, suka bar ubansu Zabadi cikin jirgi tare da ma'aikatansa. Ka lura da wannan, gama yana nuna ba matsiyata ba ne masu neman inda za su raɓa, gida ne mai jirgi da 'yan ƙodago. Yana nuna kuma ba su bar tsoho hannu rabbana ba. Amma a ganina Matta ya fi su asara. Masunci in ya bar taru, teku tana nan, kifi yana nan, ko yaushe ya so ya koma, kamar yadda Bitrus ya taɓa komawa su dare ɗaya bayan tashin Ubangiji. Mai karɓar haraji kuwa, in ya tashi daga kujerarsa, kafin rana ta faɗi an ba wani. Matta ya san haka, ya tashi. Akwai kuma wani saurayi mai dukiya, mai kiyaye doka tun yana yaro, wanda ya zo da gudu ya durƙusa yana tambayar hanyar rai madawwami. Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, ya sa yatsa bisa turkensa, watau dukiyarsa, sai saurayin ya juya ya tafi yana baƙin ciki. Linjila ba ta ƙara ambatonsa ba.

Kada ka ce wannan sha'anin mutanen zamanin annabawa da manzanni ne kaɗai. Ran 4 ga watan Disamba na shekarar 1893 waɗansu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko, watau Legas. Sunansu Walter Gowans da Rowland Bingham, waɗanda suka taso daga Kanada, da Thomas Kent, mutumin Amurka. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Nufinsu su kai bishara ƙasashen da Turawan lokacin ke kira Sudan, watau ƙasar Hausa da Barno da maƙwabtansu, waɗanda ke kudu da Sahara. Gowans ya roƙi jam'iyyun mishan su aike shi, ba wadda ta yarda, sai suka taho da ɗan guzurin da suka iya tarawa. 'Yan mishan da suka tarar a Ikko suka yi musu gargaɗi, har wani babba daga cikinsu ya gaya musu ko su ko 'ya'yansu ba za su ga ƙasar nan da idonsu ba. Zazzaɓi ya kā da Bingham, aka bar shi a bakin teku yana aika wa 'yan'uwansa kaya. Sauran biyun suka nausa arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Ba su kafa majami'a ba, ba su bar ikilisiya ba. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai a 1895, ya je ya gai da uwar Gowans, wadda tun farko ita ce ta cusa masa wannan ƙasa a zuciya. Ya same ta ba ta da da-na-sani bisa tafiyar ɗanta.

A shekarar 1900 Bingham ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake kā da shi a Ikko, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa kuma suka karaya suka bi bayansa. Sai a karo na uku aka sami wurin zama, aka kafa tashar mishan a Patigi, bakin Kwara, cikin ƙasar Nufe, a 1902. Daga wannan ƙaramin tushe ne aikin mishan ɗin SIM ya bazu, daga cikinsa kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Yanzu na san abin da mai hankali zai ce, ba kuwa zan toshe masa baki ba. Zai ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina amfanin samari biyu su mutu a ƙasar da ba su san kowa ba, su bar iyaye da hawaye? Wannan bangaskiya ce ko ganganci? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsar da a kan bayar da sauri, cewa ai ga ikilisiyoyi sun cika ƙasa, ba ta gamsar da ni ba sarai. Gama Gowans bai san za a yi haka ba sa'ad da ya ke kwance a Girku. In da abin da ya biyo baya ne kaɗai ya sa tafiyarsa ta zama daidai, to, da an fasa zuwa na uku, da sai mu ce Gowans ya yi wauta ke nan. A'a. Biyayya ba ta jiran girbi kafin ta zama biyayya. Abin da ya sa tafiyarsu ta yi kyau shi ne sun ga mutane waɗanda suka gaskata suna bukatar labarin Kristi, suka ƙi yarda nisa da tsoro su yanke musu hukunci.

Amma fa ba kowane taku nasu ne abin koyi ba, gaskiya kuwa ba ta rage musu daraja. Tun a 1841, sa'ad da Ingila ta aiko da jirage su bi Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. A 1854 wani likita mai suna Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgi, ya sa mutanensa su riƙa shan kwinin kullum, ya komo ba wanda ya mutu. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano cewa ta cikin sauro ne ƙwayar wannan cuta ke bi. Ashe akwai rigakafi, wanda ya ƙi shi kuwa bai fi wanda ya karɓa bangaskiya ba. Bingham kansa, bayan ya ga abin da ya gani, ya rubuta littafi a 1921 yana gargaɗin masu koyar da cewa shan magani rashin dogara ga Allah ne. Andrew Stirrett, wanda ya bar kantunansa na sayar da magani a Toronto ya zo ƙasar nan a 1902, Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani, ya matsa wa abokan aikinsa lamba su sha kwinin ba fashi. Shi kuwa ya daɗe yana wa'azi da Hausa cikin kasuwanni da zangon fatake, ya sa hannu cikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wanda aka buga a 1932, bai rasu ba sai 1948. Shekarun nan 46 na aiki, ba su fi kabari da wuri amfani ga mutane ba?

Saboda haka kada ka ɗauka wahala ita ce hatimin kira. Shaiɗan ya kai Ubangijinmu ƙololuwar haikali ya zuga shi ya dira ƙasa, har ya jawo masa nassi. Yesu ya ƙi, domin jefa kai cikin hatsari don a tilasta wa Allah ya nuna ikonsa gwada Allah ne. Shi ne kuma ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafin abin da ginin zai ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya tashi ba shiri, ya bar bashi da mata da yara ba hatsi a rumbu, ya ce Allah ne ya kira shi, sai a tambaye shi da kyau ko kira ya ji, ko kuwa noman bana ne ya gundure shi. Yunana ma ai ya bar gida, har ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa, ya sha hadiri da teku. Amma Nineba aka aike shi, shi kuwa Tarshish ya nufa. Ba kowace tafiya mai wuya ce biyayya ba. Wata gudu ce.

Ga kuma wani abu wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Mutum ya kan iya ƙetare teku da turkensa a kafaɗa. Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, an kama shi bawa yana yaro, aka 'yantar da shi aka kai shi Saliyo a 1822, ya yi karatu, ya zama malami, ya sami wurin zama mai kyau. Ya bar wannan duka ya shiga jiragen 1841 ɗin nan da mutane suka mutu a ciki, ya sake shiga na 1854, ya kafa aikin bishara a bakin Kwara, a 1864 aka naɗa shi bishop. Da ya tsufa sai ga waɗansu samarin 'yan mishan daga Ingila, masu himma ƙwarai, waɗanda suka sauka Lakwaja a 1890, suka sa riga da rawani irin na Hausawa, suna cin abincin ƙasa. In don barin daɗi ne, sun bari. Amma ba su bar ganin cewa Bature ne ya san daidai ba. Suka dakatar da ma'aikatan da tsohon ya naɗa, suka ƙasƙantar da shi a taron da aka yi a Anaca cikin wannan shekara, ya rasu ran ƙarshe na shekarar 1891 da wannan ɓacin rai. Sun bar gadon ƙarfe sun kwanta a tabarma, amma girman kai, wanda shi ne katifar da ta fi kowace laushi, sun taho da abinsu. Ina faɗar wannan ba don in tona asirin matattu ba, sai domin ka san inda turke na gaskiya ya kan ɓuya.

Wannan ya kawo mu kanka, ya ɗan'uwana, gama da wuya a ce ka shiga jirgi ka tafi wata ƙasa. Tafiyar da ta fi wa Bitrus wuya ba mai nisa ba ce. Daga Yafa zuwa Kaisariya ce, tafiyar kwana biyu a ƙafa. Abin da ya yi masa nauyi shi ne ya tsallaka dokin ƙofar Karniliyus, sojan Roma, mutumin wata al'umma, ya zauna cikin gidansa, abin da Bayahude mai kiyaye al'ada ba ya yi. Sai da aka nuna masa wahayi har sau uku kafin ya yarda. Duk da haka daga baya, a Antakiya, da waɗansu mutanensa suka zo daga Urushalima, sai ya janye hannunsa daga akushin al'ummai don tsoron bakinsu, har Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Ka ga ƙarfin sabo: manzo ne, ya ga wahayi, amma igiyar ta sake jan wuyansa. Kai fa, wane ne Karniliyus ɗinka? Watakila mutumin wata kabila ne wanda kakanninku suka yi gāba, yanzu kuwa kuna zama benci ɗaya cikin majami'a, amma ba ka taɓa sa hannu cikin ƙwaryarsa ba. Watakila wanda a ke ce wa asalinsa bayi ne, ko mai sana'ar da gidanku ke rainawa, ko majinyacin da kowa ke ajiye wa abinci daga nesa. Ke kuma 'yar'uwa, watakila kishiyarki ce, ko uwar mijinki. Daga ɗakinki zuwa nata taku goma ne, amma wani ya je Makka ya komo, wani ya je Urushalima ya komo, ke ba ki yi takun nan goma da zuciya ɗaya ba.

Akwai wani turke kuma wanda sabon mai bi ne kaɗai ya san shi, shi ne ma dalilin rubuta wannan takarda. Sa'ad da mutum ya karɓi Kristi, gida ya ɗaure masa fuska, abokai suka daina amsa gaisuwarsa, sai ya tarar da inuwa mai sanyi a wurin masu bi. Nan a ke kiransa ɗan'uwa, nan ba mai yi masa gori. Wannan alheri ne daga Allah, ka karɓa da godiya. Amma ka yi hankali kada sabuwar inuwa ta zama sabon turke. An ga waɗanda suka tare a gidan mishan ko a unguwar masu bi, shekara ta bi shekara ba su taka ƙofar gidan ubansu ba, suna cewa sun bar duniya don Kristi, alhali kuwa fuskar tsoho ce su ke tsoron gani. Ka tuna da mutumin nan na ƙasar Garasinawa wanda ke zaune cikin kaburbura, Yesu ya fitar masa da aljannu. Da Yesu zai shiga jirgi, mutumin ya roƙa a bar shi ya bi shi. Wace roƙo ce ta fi wannan kyau? Amma aka hana shi. Aka mai da shi gida wurin mutanensa, waɗanda suka san shi tsirara, suka taɓa ɗaure shi da sarƙa, domin ya ba su labarin jinƙan da aka yi masa. Ga masunta, kira shi ne su bar gida. Ga wannan, kira shi ne ya koma. Jirgin Yesu ne wurin da ya fi masa sauƙi, don haka aka hana shi shiga.

Kada kuwa wani ya ruɗe ka da cewa bin Kristi ya sauke maka hakkin iyaye. Gaskiya ne Ubangiji ya ce ƙaunarsa ta zama gaba da ta uwa da uba, ranar da aka ce ka zaɓa tsakanin musunsa da fushin gida, ka san wanda za ka zaɓa. Amma shi ɗin ne ya tsauta wa malaman da ke koya wa mutane su ce abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Shi ne kuma, yana rataye bisa gicciye, ya danƙa uwarsa a hannun Yohanna. Bulus ma ya rubuta wa mutanen Koranti cewa mai bi kada ya rabu da matarsa marar bi in ta yarda ta zauna da shi, haka kuma mace da mijinta. Saboda haka bangaskiyarka ba takardar saki ba ce. In akwai rabuwa, kada ta fito daga wajenka.

Yaya za ka rarrabe kira da son zuciya? Mafarki kaɗai bai isa ba, zafin zuciya na dare ɗaya bayan wa'azi mai daɗi kuma ya kan huce kafin asuba. Ka auna abin da ka ji da Littafi, gama Allah ba ya kiran mutum zuwa abin da ya riga ya hana. Sa'an nan ka kai maganar gaban dattawan ikilisiya, ka yarda su tambaye ka tambayoyin da ba ka so. Barnaba da Bulus ba su aiki kansu ba. Ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗibiya musu hannu, ta sallame su. Ka kuma tambayi kanka a ɓoye, wannan tashi da na ke so, zuwa wurin wa zai kai ni, kuma daga wurin wa zai raba ni? In ka ga a ƙarshen hanyar akwai mutum mai bukata wanda jikinka ba ya so, to, da alama kira ne. In ka ga a ƙarshenta yabo ne, a bayanka kuwa mai binka bashi ko wanda ya kamata ka roƙi gafararsa, to, jirgin Tarshish ne, ko da an rubuta sunan Yesu a jikinsa.

Waɗansu kuwa lalle za a kira su su tashi da ƙafa. A 1948 masu bi na ƙasar nan suka kafa jam'iyyar aika masu bishara ta kansu, wadda daga baya aka san ta da suna EMS. Da yawa daga waɗanda suka ɗauki bishara zuwa ƙauyuka ba Turawa ba ne, manoma ne, suka ɗauki fartanya da Littafi da iyalinsu, suka sauka inda ba su da dangi, suka roƙi gona wurin mai gari, suna noma da rana, suna koyar da karatu da dare. Ba a rubuta sunan yawancinsu cikin littattafai ba. In wannan ne rabonka, ka koyi harshen mutanen, ka ci abin da su ke ci, ka rataya gidan sauro, yaro in ya yi zazzaɓi ka kai shi asibiti da wuri.

Amma in kai ne wanda gida ya juya wa baya, ga abin da na ke roƙonka. Idan ranka yana cikin hatsari na gaskiya, ka kauce, ba laifi. Bulus kansa cikin kwando aka zurara shi ta bisa ganuwar Dimashƙu da dare. Ka nemi shawarar dattawa bisa lokacin da ya dace. In kuwa ba kisa a ke nufinka da shi ba, fushi ne da kunya da baƙin cikin iyaye, waɗanda a ganinsu sun yi hasarar ɗa, to, kada ka jira su neme ka. Ka je. Ka tuɓe takalmi a inda ka saba tuɓewa, ka durƙusa ka gai da mahaifinka kamar dā, ko fiye. Kada ka zagi addininsa, kada ka ja gardama a zaurensa. In ya tambaye ka dalilin bangaskiyarka, ka amsa da ladabi, gajere, ba tare da musu ba. In an yi rasuwa ka je ta'aziyya, in an yi haihuwa ka kai abin barka, damina in ta faɗi ka ɗauki garma ka shiga gonarsa tun ba a kira ka ba. Abin da lamirinka bai yarda ka sa hannu a ciki ba, ka janye a hankali, ba da gadara ba. Mai yiwuwa ne ranar farko ba za a amsa sallamarka ba. Ka ajiye goron da ka kawo a zaure, ka gai da wanda ya yarda ya dube ka, ko ƙaramin yaro ne, ka koma. Bayan mako biyu ka sake zuwa.